Yadda Ake Yi Idan Injin Huda Ya Ci Karo Da Rodi Ko Dutse A Cikin Kankare

Assalamu alaikum. Wannan bayanin na yi shi ne saboda ƙannenmu masu koyon kafa esi da dish da sola, da kuma magidancin da ya sayi injin huda don ya riƙa 'yan ƙananan ayyukan gidansa da kansa. Ni a Gusau nake aiki, na fi shekara goma ina huda bangon mutane, kuma har yau tambayar da yarana suka fi yi mini daga kan tsani ita ce "Oga abin ya tsaya cak, in ƙara dannawa?" Kar ka ƙara. In inji ya daina shiga to wani abu ne ya tare shi, kuma sai ka san ko mene ne kafin ka san abin yi, don abin da ake yi wa dutse daban, na rodi daban, na paip kuwa ba a ma taɓa shi.

Kayan da za ka tanada

Injin huda. Iri biyu ne a hannun mutane. Akwai ƙaramin nan da ake ɗaure masa baki da makulli, yana da ɗan maɓalli mai hoton guduma, shi dukansa ba duka ba ne karkarwa ce kawai, wasu faifai biyu ne masu haƙora suke gogar juna a ciki, ya isa bulo da filasta amma in ya haɗu da kankaren gaske sai ya yi ta ihu ba aiki. Sai babban da ake ce wa SDS, wanda bakinsa turawa kawai ake ya shige ƙas, shi fistin ne a cikinsa yake dukan bakin da kansa. Mai wat 800 ko kusa da haka ya ishe ka duk aikin gida. In ba ka da shi ka yi haya ko aro ranar da za ka taɓa lintal ko fila ko dekin.

Bakin kankare, mai ɗan ƙarfen kabaid a tsininsa. Ka riƙe mil (wato milimita) 6, 8, 10 da 12, kuma wanda ka fi amfani da shi ka riƙe biyu. In ka samu wanda kansa yake da haƙora huɗu kamar alamar tarawa ka saya ko da ya fi tsada, ba ya saurin maƙalewa kuma in ya shafi rodi ba ya ɓallewa nan take. Na arahar nan da ake sayarwa jere a kwali, to araha ba ta ado, rami biyu uku kan ya fita.

Bakin ƙarfe guda ɗaya ko biyu, HSS ko kobal. Ƙusar kankare inci 4 ko siririn cizal mai tsini, da guduma. Mayen ƙarfe mai ƙarfi, na cikin tsohon hadis (hard disk) ɗin kwamfuta ya fi, in babu ka ciro na mataccen lasifika wajen masu gyaran rediyo. Tocila ko fitilar waya. Baƙin salatif. Guntun siririn tiyo ko famfon keke na hure ƙura. Filaya. Siminti kamar cikin gwangwanin madara. Tabarau da takunkumi.

Akwai kuma na'urar gano abin da ke cikin bango, irin Bosch GMS 120, tana jin rodi har zurfin mil 120, wayar da ke da wuta kuma zuwa mil 50. Ba kowa ke da ita ba, ni ma na daɗe ina aiki ba ita, don haka duk bayanin nan zan yi shi yadda marar ita zai iya.

1. Karanta bangon tukuna

Yawancin gidajenmu bulo ne mai inci 9 ko inci 6, shi ba shi da matsala, matsalar tana inda aka zuba kankare. Saman ƙofa da taga akwai lintal, wani gidan ma an zagaye shi da shi gaba ɗaya. Kusurwoyin gini da wasu wurare a tsakiya akwai fila. Gidan sama kuma ga dekin da bim. Ka ƙwanƙwasa da ƙotar guduma, bulo yana amsawa kamar akwai rami, kankare kuwa sautinsa a mace yake.

Yanzu ga abin da zai rage maka rabin wahala. A fila ko lintal na gida mai inci 9, rodi huɗu aka saba sawa, ɗaya a kowace kusurwa, mai mil 12 ko 16, sai a ɗaure su da ring na siririn rodi kamar duk bayan inci 8 zuwa 10. Ke nan in ka huda kusa da gefe kai tsaye kan rodi za ka sauka, in ka huda a tsakiyar fuskar filar ba abin da zai tare ka sai dai in ka yi rashin sa'a ka faɗa kan ring. Masu sa ƙarfen labule su suka fi shan wannan, don suna auna inci biyu daga saman taga su huda, daidai inda rodin ƙasan lintal yake kwance. Dekin kuma rodinsa saƙa ce kamar raga, tsakaninsu inci 6 zuwa 8.

Sannan ka duba soket da makunnin wuta. Paip ɗin waya yawanci miƙewa yake sama ko ƙasa daga gare su, ko ya bi a kwance zuwa soket na gaba, kar ka huda a kan waɗannan layukan. Amma kar ka rantse da wannan, na sha ganin mai wayarin da ya yanke hanya a karkace don ya rage paip. Kuma ka zagaya ka ga mene ne a bayan bangon, in banɗaki ne ko kicin to akwai paip ɗin ruwa a ciki. In mai gida yana da hotunan ginin kafin a yi filasta a wayarsa ka roƙa ya nuna maka, mutane da yawa suna da su ba sa tunawa.

In kana da na'ura ka duba da ita lokacin da akwai wuta a gidan, domin in NEPA sun ɗauke ba za ta ji wayar a matsayin mai wuta ba, kuma ka sani paip ɗin roba na ruwa ba ta ganinsa.

2. Kashe wuta, rufe ruwa

Ka sauke babban makunnin gidan, kuma kar ka manta da inbata, gidaje da yawa yanzu ka kashe NEPA amma sola na nan tana ba bango wuta. Injinka ka ja masa waya daga janareta kai tsaye. Ƙaramin janaretan nan mai juye ba ya ɗaukar SDS yadda ya kamata, za ka ji injin yana numfashi sama-sama ba ƙarfi sai ka zaci dutse ne ya tare ka alhali wuta ce ba ta isa. Tankin sama kuma ka rufe bawul ɗinsa in kana kusa da banɗaki.

3. Sa alamar zurfi ka fara a hankali

Ka auna tsawon fisha (robar nan da ake turawa a rami don sukuru ya kama) ko bol ɗin da za ka sa, ka ƙara kamar mil 10, ka naɗa salatif a jikin bakin daidai nan. Wannan salatif ɗin shi zai gaya maka a wane zurfi ka tsaya, kuma zurfin kansa shaida ne. Fara da juyi kawai, babu guduma, har bakin ya kama wuri a filasta, in kan tayil ne kuwa kar ka kunna guduma sam sai ka wuce tayil ɗin. Hannun gefe na injin ka ɗaura shi, yara suna cire shi wai yana damunsu, ranar da baki ya cije a rodi injin ya juya da kai za ka san amfaninsa, akwai yarona da ya yi sati biyu da ɗauri a wuyan hannu. Duk bayan daƙiƙa 10 zuwa 15 ka ɗan jawo bakin baya yana juyawa ƙura ta fito. Wani lokacin ba abin da ya tare ka ma, ƙura ce ta cushe ramin.

Maganar takunkumi ba wasa nake ba. Mu a Zamfara ba sai an ba mu labarin ƙurar dutse ba, mun ga abin da ya faru a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum da ƙurar niƙan dutsen zinare. Waccan gubar dalma ce, ta kankare kuma silika ce, ita a hankali take cin huhu shekara da shekaru ba ka sani ba, musamman mai huda dekin da ƙurar ke zubo masa a fuska.

4. Ya tsaya. Gano abin da ya tare ka

Saki maɓalli, zare bakin, ka bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

Dubi bakin da farko. In kan kabaid ɗin ya ɓalle ko ya zama mulmulalle ko ya yi shuɗi-shuɗi, to ƙila ba komai a bangon, bakinka ne ya mutu. Canza ka gwada.

Tuna sautin da ka ji. Dutse yana sa injin ya riƙa tsalle yana ƙaƙas-ƙaƙas amma sautin bai canza sosai ba. Rodi kuwa sautin sirancewa yake ya koma ƙara irin ta ƙarfe da ƙarfe, za ka ji shi har haƙoranka. Paip ɗin roba shi ne mai haɗarin, don ba ya tsayar da kai sosai, sai ka ji bakin ya ɗan yi laushi kamar ya shiga sabulu sannan ya zurma.

Dubi ƙurar. Ka tara ta a tafin hannu ko kan kwali. Toka-toka siminti ne da yashi. Fari mai ɗan ƙyalli ko mai baƙi-baƙi tsakuwar kwari ce, dutse irin wanda kake gani a Kwatarkwashi, shi ne mai taurin kai. Ja-ja marmara ce, ita ba ta da wuya. In ka ga ɓarɓashi mai walƙiya kamar azurfa ka kawo mayen ƙarfe kusa ya tsince shi, rodi ne. In ka ga ɗan zare-zaren roba fari ko toka ko kore ya nannaɗe a bakin, ajiye injin.

Hure ramin ka haska tocila. Rodin da baki ya goga yana ƙyalli kamar sabon kwabo a ƙarshen ramin. In ba ka gani da kyau, manna mayen ƙarfe a kan doguwar ƙusa ka zura ta, in ta kai ƙarshe ka ji ta kama tana jan kanta to ƙarfe ne.

Sai zurfi. Filasta kan ci mil 12 zuwa 20, kankaren da ke rufe rodi kuma kamar mil 25, wani wuri ya kai 40. Saboda haka in ka tsaya tsakanin inci ɗaya da rabi zuwa biyu a lintal ko fila, kafin ma ka haska ka fi zaton rodi.

5. In dutse ne

Shi wannan fasa shi ake. Zura ƙusar kankare ko siririn cizal a ramin har ya zauna kan dutsen, ka ba shi guduma uku huɗu masu kyau, ka ɗan juya shi ka ƙara, ka hure, ka mayar da inji. Ka riƙe ƙusar da filaya ba da yatsa ba, kuma da tabarau a idonka don ƙusar kankare ba ta lanƙwasa, karyewa take ta yi tsalle. Yawanci zagaye biyu ko uku dutsen ya tsage ka wuce.

In ya ƙi, koma ƙaramin baki. Ramin mil 10 kake so, sa mil 6 ka huda dutsen tukuna sannan ka bi da babban. Ƙaramin baki duk dukan a ɗan wuri yake taruwa shi ya sa yake shiga inda babba ya kasa.

Kuskuren da kowa ke yi a nan shi ne kwantawa kan inji da ƙirji. In SDS ne dannawar ba ta ƙara komai, fistin ne ke aikin, kai dai ka riƙe shi ya zauna daram. In ƙaramin inji ne yana son ɗan dannawa amma in ka wuce minti ɗaya ba ci gaba to ƙona baki kawai kake, ka je ka nemo babba. Wani abin kuma, dutsen da ya tare rabin rami yakan ture bakin gefe, ka ga ramin ya gudu daga alamar da ka yi ya koma kamar ƙwai. Da ka ji bakin yana zamewa ka tsaya ka fasa dutsen da ƙusa, kar ka ce za ka murɗo shi da ƙarfi ya dawo layi, karyewa zai yi.

6. In rodi ne

A nan ne nake faɗa da yara. Rodi ba datti ba ne da ya shiga kankare bisa kuskure, shi ke riƙe da ginin, kankare yana jure danniya amma ba ya jure ja, rodin ne ke ɗaukar jan. Bakin mil 10 in ya ratsa rodi mai mil 12 me ya rage? Ka yanke shi ke nan. Yau ba za ka ga komai ba, bayan damina biyu uku sai ka ga tsaga a saman taga ana ta zagin birkila.

Hanya ta farko kuma wadda na fi bi, ka matsa. Amma ka matsa a karkace, kamar inci ɗaya da rabi gefe da inci ɗaya da rabi sama, saboda ba ka san ko rodin a tsaye yake ko a kwance ba, in ka matsa gefe kawai alhali a kwance yake sai ka sake sauka a kansa, na ga bangon da aka yi wa ramuka biyar a jere kamar an yi harbi duk a kan rodi ɗaya. Kar kuma sabon ramin ya matse tsohon sosai, tsakaninsu zai ɓare lokacin da fisha ta buɗe.

Ta biyu, in abin da za ka rataya marar nauyi ne kamar ƙarfen labule ko agogo ko hoto, kuma ka riga ka samu zurfin mil 35 zuwa 40, yanke fishar ta yi daidai da ramin ka sa gajeren sukuru. Amma ban yarda da wannan ba ga esi, hita, talabijin babba ko fanka, musamman in yawancin zurfin filasta ne, filasta ba ta riƙe kaya.

Ta uku, in ramin brakat ɗin ne ya tilasta maka wurin, to brakat ɗin za ka gyara ba bangon ba. Sa bakin ƙarfe ka yi sabon rami a jikin brakat, ko ka kai wa mai walda ya ɗana maka falan ƙarfe ya ƙara masa tsawo, ko ka fara kafa katako mai kauri a bango inda ya samu shiga sannan ka ɗaura kayan a kan katakon. Ƙafar esi ta waje kusan duk suna da dogon rami da za ka iya zamewa a ciki.

Ta huɗu, in gefen rodin kawai ka shafa, kana iya ɗan karkata injin kaɗan ka bi ta gefensa. Kaɗan fa, in ya karkace da yawa kan bol ɗin ba zai kwanta a brakat ba.

Yanka rodi shi ne na ƙarshe, kuma ba shawararka ba ce, ta injiniyan ginin ce. In ya duba ya ce wannan ba ya ɗauke da komai, misali 'yar ragar daɓen ƙasa, to ga yadda ake yi: cire bakin kankare, sa bakin ƙarfe ko bakin yankan rodi na musamman, kashe guduma gaba ɗaya, juyi a hankali da ɗan ɗigon baƙin mai, da ka ratsa ka tsaya ka mayar da bakin kankare don kankare yana kashe bakin ƙarfe nan take, kuma ka goge man da kyau kafin ka sa fisha. Rodin fila, da na ƙasan bim da lintal, da na saman baranda mai leƙowa waje ba ginshiƙi, waɗannan ko mai gida ya ce ya yafe ni ba na yankawa. In wayar ɗaurin rodi ce kawai, siririya, ita ba komai, bakin zai wuce ta.

7. In paip ne

Wata rana a wani sabon gida wajen Damba ina kafa talabijin a ɗakin kwana, ban zagaya na ga bayan bangon ba, ashe banɗaki ne. Rami na uku na ji laushin nan, kafin in zare baki ruwa ya biyo shi yana tsartuwa har kan katifa, tankin sama cike. Alhajin ya shigo ya tsaya bakin ƙofa ya ce "Kai yaro, mi kay yi mani ga bango?" Na ce Alhaji a yi haƙuri kuskure ne. Kuɗin aikin ranar duk a mai gyaran famfo da mai fenti suka ƙare har na cika daga aljihu.

In ya same ka, rufe bawul ɗin tanki, buɗe famfunan ƙasa ruwan da ke layin ya sauka, sannan a fasa wurin da cizal kamar faɗin tafin hannu biyu a yanke inda ya huje a sa soket ɗin haɗa paip. Kar ka cusa leda ko gam a ramin ka shafe da siminti, zai riƙa tsattsafowa a cikin bango har fenti ya kumbura, kuma za a gane kai ne.

In na waya ne, kar ka taɓa bakin injin da hannu sai ka tabbatar da tasta cewa ba wuta. Ko da ka mayar da wuta komai ya kama, kar ka ce shi ke nan, ƙila ka fere rigar wayar ko ka rage kaurinta, irin wannan ne ke zafi a cikin bango in an kunna esi ko hita. A kira mai wayarin ya zare layin ya duba, in ya taɓu a ja sabo.

8. Baki ya maƙale ko ya yi zafi

In ya cije ya ƙi fita, sa injin a ribas ba guduma ka ɗan taɓa maɓalli kana ja. In ya ƙi, cire wuta, raba injin da bakin, ka kama bakin da filaya ko sifana kana juya shi baya kana girgizawa a hankali. Kar ka yi ta lanƙwasa shi sama da ƙasa. In ya karye a ciki kuma guntun bai leƙo ba, bar shi nan ka shafe ka huda wani wuri.

Zafi kuma, mutane suna tsoma baki a ruwa yana ja zur, ka ji ya yi cuuu, to wannan yana tsaga kabaid ɗin. Ni baki biyu nake juyawa, ɗaya na aiki ɗaya na shan iska, a zafin Gusau na watan Afrilu ma haka nake yi kuma yana isa.

9. Rufe ramin da ka bari

Ramin da ya kai ga rodi ka buɗe wa tsatsa ƙofa, in a waje yake ruwan sama zai shiga, rodi in ya yi tsatsa kumbura yake ya ɓare kankaren. Hure ƙurar, jiƙa ramin, kwaɓa siminti da ɗan yashi mai laushi da tauri-tauri, ka tura da kan ƙusa har ya cika daga ciki ba wai ka shafe baki kawai ba, sannan ka lallashe.

Ramin da ya yi faɗi saboda dutse ya ture baki kuma, ko ka ƙara girman fisha daga 8 zuwa 10, ko ka cika shi da gam ɗin nan mai haɗi biyu ka tura bol ɗin ciki ka bar shi ya kwana kafin ka ɗora kaya. Tsinken ashana da guntun katako da ake cusawa, a bar su ga hoton bango. Kafin ka rataya esi ko talabijin ka kama brakat ɗin da hannu biyu ka ja shi ƙasa da ƙarfinka, in ka ga ko gari-garin filasta yana zubowa daga bayan bol ɗin, kwance ka sake.